Tarihin Wakilcin Jihar Kano a Majalisar Dokoki ta Tarayya

Gabatarwa

Wakilci shi ne jama'a su zaɓi mutum su ɗora masa amanar yin magana da yawunsu a zauren da ake yin dokoki da kasafta dukiyar ƙasa. A wannan darasi za a bi diddigin yadda al'ummar Kano ta sami wannan dama tun daga zamanin Turawa. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, mizani biyu ake amfani da su wajen raba kujeru, wato yawan jama'a da kuma daidaito tsakanin jihohi. Duk sauyin da ya sami kason Kano yana da alaƙa da ɗayansu.

Zamanin Turawa

Ko da yake an haɗe Arewa da Kudu a shekarar 1914, majalisar da aka kafa bisa tsarin mulkin Clifford na 1922 ba ta shafi Arewa ba. Zaɓaɓɓun wakilanta huɗu ne kacal, uku daga Legas, ɗaya daga Kalaba. Dokokin Arewa kuwa Gwamna ne ke yin su ta hanyar shela. Sai da tsarin mulkin Richards ya fara aiki a 1947 sannan 'yan Arewa suka zauna a majalisa ɗaya da 'yan Kudu.

A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka kafe a kan cewa tun da yankinsu ya fi yawan jama'a, to, lalle ne a ba shi rabin kujeru. Haka kuwa aka yi: a tsarin Macpherson na 1951 Arewa ta sami kujeru 68 daga cikin 136, a na Lyttleton na 1954 kuma ta sami 92 daga cikin 184. A lokacin Kano lardi ce a cikin Jihar Arewa, don haka wakilanta suna cikin kason yankin ne. A zaɓen 1954 Alhaji Yusuf Maitama Sule na jam'iyyar NPC ya kayar da Malam Aminu Kano na NEPU, ya tafi Majalisar Wakilai a Legas.

Jamhuriya ta Farko

A zaɓen 1959 kujerun Majalisar Wakilai sun kai 312, Arewa tana da 174. A wannan karon ne aka yi zaɓe kai tsaye a Arewa, amma maza kaɗai suka jefa ƙuri'a. Malam Aminu Kano ya ci kujerar Kano ta Gabas, Maitama Sule ya zama Ministan Ma'adinai da Lantarki, Alhaji Inuwa Wada kuma ya riƙe ma'aikatar ayyuka. Majalisar Dattawa ta wancan zamani ba a zaɓenta da ƙuri'ar jama'a. Kowane yanki ne ke gabatar da mutum 12. Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 shi ya kawo ƙarshen wannan majalisa.

Jamhuriya ta Biyu

An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, a zamanin Janar Yakubu Gowon. To, amma da yake soja ke mulki, sai da ta shekara 12 kafin ta aika da wakilai da sunanta. A 1979 Nijeriya tana da jihohi 19, kowace aka ba ta sanatoci 5, jimla 95. A Majalisar Wakilai mai kujeru 449 kuwa, Kano ta sami 46, ta fi kowace jiha. A nan ne mizanan nan biyu suka fito fili. A wannan zaɓe mata sun yi ƙuri'a tare da maza. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta lashe dukkan kujerun sanatocin jihar, cikinsu har da ta Alhaji Sabo Bakin Zuwo, wanda ya zama gwamna a 1983. Ranar 31 ga Disamba na wannan shekara soja suka sake rushe majalisa.

Cire Jigawa da Jamhuriya ta Uku

Ranar 27 ga Agusta, 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga Kano. Masarautun Haɗeja da Gumel da Kazaure suka tafi da kujerunsu, haka nan yankunan Dutse da Ringim. A zaɓen 1992, wanda jam'iyyun SDP da NRC kaɗai suka shiga, an mayar da sanatocin kowace jiha 3. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, wakilin Madobi, ya zama Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai. Wannan majalisa ba ta yi tsawon rai ba, domin Janar Sani Abacha ya rushe ta a watan Nuwamba, 1993.

Daga 1999

Sashe na 48 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi sanatoci 3 ga kowace jiha da 1 ga Abuja, jimla 109. Sashe na 49 kuma ya ƙayyade kujerun Majalisar Wakilai 360. Kano, mai ƙananan hukumomi 44, tana da kujeru 24, daidai da Legas, Jigawa kuma tana da 11. Mazaɓun sanatocinta su ne Kano ta Tsakiya, da ta Arewa, da ta Kudu.

Kakakin Majalisar Wakilai biyu na farko a wannan jamhuriya duk 'yan Kano ne. Alhaji Salisu Buhari ya yi murabus a watan Yuli, 1999, bayan da ta bayyana cewa ya yi ƙarya game da shekarunsa da takardun karatunsa. Alhaji Ghali Umar Na'Abba ya gaje shi, ya riƙe muƙamin har zuwa 2003, kuma an san shi da tsayawa a kan 'yancin majalisa daga ɓangaren zartarwa. A 2023 aka zaɓi Sanata Barau Jibrin na Kano ta Arewa Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa.

Ƙidayar 2006 ta nuna cewa mutanen Kano sun haura miliyan 9, amma tun 1999 kujerun jihar ba su ƙaru ba. Ma'ana, jama'ar da ke wuyan kowane wakili kullum ƙaruwa take yi.

Keɓaɓɓun Kalmomi

Ya kamata malamin Hausa ya lura da hanyoyin da harshen ya bi wajen samar da kalmomin wannan fage. "Majalisa" da "wakili" aro ne daga Larabci, "sanata" kuma daga Ingilishi. "Mazaɓa" ƙira ce daga aikatau "zaɓa" ta hanyar ɗafa-goshin "ma-" mai nuna wuri, kamar "makaranta" da "majema". "Kakaki" kuwa faɗaɗa ma'ana ce, daga kayan busar sarauta zuwa mutumin da ake jin muryar jama'a ta bakinsa.

Kammalawa

An ga yadda Kano ta tashi daga rashin kujera ko ɗaya zuwa jagorancin Majalisar Wakilai. An kuma ga cewa yawan jama'a yana ba ta rinjaye a wannan zaure, amma a Majalisar Dattawa kasonta ɗaya ne da na kowace jiha. Yaran da za ku koyar su ne masu zaɓen gobe. Wanda bai san mazaɓarsa da aikin wakilinsa ba, ba zai iya neman haƙƙinsa ba.

Auna Fahimta

1. Bayyana mizani biyu da ake bi wajen raba kujerun majalisar tarayya.
2. Wane tasiri ƙirƙiro Jihar Jigawa ya yi ga wakilcin Kano?
3. Kawo kalmomi biyar na fagen majalisa, ka faɗi hanyar samuwar kowace.
4. Tsara darasin minti 40 a kan mazaɓar ƙaramar hukumarku ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare.