Darasin Sana'ar Hannu: Ragowar Zaren Safa Mai Launuka

Akwai wani irin zaren ulu da ake yi musamman domin saƙa safa. Kamfanoni irin su Opal da Regia na ƙasar Jamus sun yi suna a kansa. Yawancinsa kashi 75 cikin ɗari ulu ne, kashi 25 kuma nailan, domin kada dunduniya ta yi saurin hujewa. Dunƙule mai nauyin giram 100 yakan kai tsawon mita 400 ko ɗan fiye, kuma sau da dama yakan yi saura bayan an gama safa ƙafa biyu. Wannan saurar ce abin nazarinmu.

Sai mai karatu ya fara gane yadda adon yake fitowa. Masu rini sun auna tsawon kowane launi a jikin zaren bisa ga faɗin safar babban mutum, wato madaukai wajen 60 zuwa 64 a kewaye ɗaya, da tsinken saƙa na milimita 2.5. Idan aka rage madaukan, kamar a safar jariri ko jakar tabarau, kowane launi zai zagaya sau da yawa kafin ya ƙare, ratsin ya yi faɗi. Idan kuwa aka ƙara su, kamar a hular yaro, ratsin sai ya sirance, wani lokaci ma ya watse.

Kwarashi kuma halinsa dabam ne. Yana cin zare fiye da tsinke, don haka launukan sukan taru dabbare-dabbare maimakon su jeru. A ganina wannan ba aibu ba ne a ƙaramar jakar kuɗi ko fure na ado, amma mai son ratsi tsaf gara ta riƙe tsinke.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a safar jarirai: ƙafa ɗaya ta fito ja, ɗayar shuɗiya. Maganinsa shi ne a warware zaren har a kai daidai launin da aka fara ta farko da shi, sannan a soma ta biyun.

Iyaye mata su kula da wanki. Ko da an rubuta cewa zaren yana jure injin wanki, a yi amfani da ruwa mai ɗumi kaɗan, a matse a hankali, a shimfiɗa a inuwa. Kada a ɗinka maɓalli ko dutsen ado a kayan jariri, gama yana iya cirewa ya haɗiye.