Kafin a Busa Usur, Wa Zai Danna Ƙirjin Yaron Idan Ya Faɗi?

Ranar Lahadi 8 ga Maris, 2020, ƙungiyar Nasarawa United ta karɓi baƙuncin Katsina United a filin wasa na Lafiya, a gasar ƙwararru ta Nijeriya. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci sai mai tsaron bayan Nasarawa, Chineme Martins, matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya yanke jiki ya faɗi. Babu wanda ya kai masa ƙafa, babu wanda ya yi karo da shi. Jama'a suka rufu a kansa, kowa da dabararsa, mintoci suna wucewa. Aka waiwayi motar asibitin da aka girke a gefen fili, aka murza makulli, ta ƙi tashi, har aka shiga tura ta da hannu a gaban 'yan kallo. A wata mota daban aka garzaya da shi Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf, a can aka tabbatar rai ya yi halinsa. Wasa kuwa sai da aka ƙarasa shi. Binciken da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta sa aka yi daga baya ya nuna babu likita a filin a ranar, motar kuma dama can ba mai aiki ba ce. Kamar dai an ajiye ta ne don ido ya gani a ce an cika sharaɗi.

Wannan gasar ƙwararru ke nan, ƙungiyar gwamnatin jiha, a babban birnin jiha, asibitin ƙwararru yana cikin gari. To ina ga filin makarantar firamare a ƙauyukan Gwiwa, ko fegin da samari suka share a gindin duwatsun Roni, ko gasar unguwanni a Babura? Mu da muke koyar da motsa jiki da horar da yara a wannan yanki mun san yadda ake shirya gasa. Mai sa kofi zai sayi riguna, a ɗauko lasifika da rumfa da kujerun manyan baƙi, a biya alƙalin wasa, a biya mai sanarwa, har mai ɗaukar hoto ba a mantawa da shi. Ka tambaya wa zai kula da ɗan wasan da ya faɗi, sai a nuna maka yaro riƙe da jakar ruwan leda da kwalbar man zafi. Wannan shi ne likitan ƙungiya. Abin yana ci mini rai, domin kuɗin hayar rumfa na yini ɗaya ya isa a sallami jami'in lafiya ya zauna a gefen fili daga farkon wasa har ƙarshe.

Abin da nake cewa guda ɗaya ne: wanda bai iya danna ƙirji ba, bai kai ya riƙe usur a gaban yaran mutane ba. Yaron da ya faɗi babu wanda ya taɓa shi, aka kira sunansa bai amsa ba, zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar da akasin haka. Ko yana kakari, ko jikinsa yana fizga kamar mai farfaɗiya, kada wannan ya ruɗe ka, haka zuciyar da ta tsaya take yi a daƙiƙun farko. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ba a tsayawa sai wanda ya fi ka sani ya karɓa. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini fiye da minti 4 zuwa 6 kafin ta fara lalacewa. Daga ƙauyen Gwiwa zuwa babban asibitin Kazaure ba tafiyar minti 6 ba ce, balle Kano. Duk abin da za a yi wa yaron, a kan ƙurar filin nan za a yi shi.

Amma me ake yi a filayenmu? A yi masa zobe har iska ta daina shiga. Wani ya cire riga yana fifita, wani ya fasa ruwan leda ya sheƙa masa a fuska, wani ya aika a samo albasa a kanga masa a hanci. Sai gwanin gwanaye ya taho da cokali, yana ƙoƙarin ɓanɓare haƙoran yaro wai kada ya haɗiye harshensa. Ba a haɗiye harshe. Cokalin nan ba ya ceton kowa, haƙori yake karyawa, kuma yana cinye mintocin da ya kamata hannu yana kan ƙirji. Ko mai farfaɗiya ta gaskiya ba a sa masa cokali a baki. Daga nan sai a ciccibi yaro a ɗora a babur, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana riƙe da shi ta baya, kansa yana reto, a nufi kyamis. A daina sa cokali. A daina ɗura wa wanda ba ya hayyacinsa ruwa.

Na san amsar farko: ajali ne, idan kwana ya ƙare babu mai hanawa. Gaskiya ne, babu musulmin da zai yi jayayya da wannan. Sai dai babu ɗayanmu da ya san kwanan wa ya ƙare a lokacin da yaron yake kwance, kuma addinin da ya koya mana tawakkali shi ya umarce mu da riƙo da sababi. A dubi Christian Eriksen. Ranar 12 ga Yuni, 2021, a birnin Kofanhegan, Denmark tana wasa da Finland, ya faɗi irin faɗuwar Martins, shi ma ana dab da hutun rabin lokaci, shi ma babu wanda ya taɓa shi. Nan take likitoci suka hau ƙirjinsa, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya a cikin fili, ya dawo. A 2022 ya koma taka leda a Ingila, ya kuma buga gasar cin kofin duniya a Katar. Allah ne ya raya shi, ta hannun mutanen da suka shirya tun kafin ranar. Mu kuwa tun 12 ga Agusta, 1989 da Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Legas, Nijeriya tana karawa da Angola, muke jimami muna komawa gidan jiya. Shekara 30 da ɗoriya tsakaninsa da Martins.

Amsa ta biyu ita ce babu kuɗi, Turai daban, Roni daban. Na yarda na'urar farfaɗo da zuciya tana da tsada, ba kowace makaranta za ta iya saye ba, kodayake ƙaramar hukumar da ke iya sa kofi da sunan shugabanta tana iya sayen guda ɗaya a riƙa yawo da ita duk inda ake gasa. Amma danna ƙirji hannu biyu yake buƙata, kuma ana koyon sa a yini ɗaya. Ƙungiyar Red Cross tana koyarwa, ma'aikatan jinya a asibitocin Kazaure da Babura sun iya. Shugaban makarantar da ya gayyato ɗayansu ya tara malaman wasanni da kyaftin-kyaftin na gidaje kafin gasar shekara, bai kashe abin da ya kai kuɗin kofi ba. Mota kuma ba lallai sai ta asibiti ba. A samu kowace iri, mai mai a tanki, direba yana zaune kusa da ita, an tayar da ita an ji ƙararta kafin a take wasa, an kuma bar mata hanyar fita ba a toshe da babura ba.

Wasu abokan aiki suna cewa irin wannan magana za ta tsorata iyaye su janye 'ya'yansu, alhali da ma da ƙyar ake barin yara, musamman mata, su fito fili. Wannan damuwa ce ta gaske, ba na raina ta. Irin wannan faɗuwa ba ta da yawa, kuma amfanin motsa jiki ga yaro ya ninka haɗarinsa nesa ba kusa ba. Sai dai abin da ke korar iyaye daga fili shi ne a kawo musu gawa a kasa gaya musu me aka yi don ceto ta. Uban da ya san akwai mai kula a gefen fili ya fi sakin jiki. Su ma iyayen suna da nasu laifin. Sai a ɓoye wa malami cewa yaro mai sikila ne, ko yana da asma, ko ya taɓa suma yana gudu, ko wansa ya mutu farat ɗaya yana matashi, don kada a cire shi daga ƙungiya. Tambayoyi kan waɗannan abubuwa huɗu ba sa buƙatar na'ura. Kocin da bai yi su ba sakaci ya yi, uban da ya ɓoye amsarsu ya cuci ɗansa. Marc-Vivien Foé na Kamaru, da ya faɗi a Liyon ta Faransa a watan Yunin 2003, ciwon kaurin naman zuciya aka gano yana da shi, irin wanda ake gado. Yaron da ke kukan ciwon ƙirji ko jiri idan ya yi gudu, asibiti za a tura shi, ba zagaye fili sau goma don a cire masa ragwanci ba.

Sauran kurakuran kuma kowa ya san su, ana dai yi ne da gangan. Atisaye da tsakar rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, koci yana inuwar darbejiya yana hana yara shan ruwa wai yana gina musu juriya. Yaro yana fama da zazzaɓi jiya, yau an ba shi ƙwaya an sa shi a fili saboda wasan ƙarshe ne. Masu ba 'yan wasa taramol don kada su gaji, waɗannan ba masu horarwa ba ne, dillalan ƙwaya ne, kuma wajen hukuma ya kamata a kai su. Wanda ya bugu a kai har ya ruɗe ba ya komawa wasa a ranar, ko shi ne mai ci wa ƙungiya ƙwallo. Wanda ya faɗi a kan wuyansa ba a jan sa, ba a miƙar da shi, ba a kiran mai ɗori ya murza. Alƙalin wasan da ya iso fili ya ga babu mai kula da lafiya, babu mota, yana da ikon mayar da usur aljihu ya ce ba za a buga ba, ko da shugaban ƙaramar hukuma yana zaune a rumfa yana jira.