Kafin Ka Ɗaga Guduma

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma yi murna ƙwarai. Ka ce an ba ka aikin wani tsohon gida a Nasarawa ta Kano, magada suna so a gyara shi kafin bikin ƙanwarsu, konis ɗin falon ya tsattsage, wani gefen ma ya zubo. Allah ya sa albarka, ya sa wannan ya zama mabuɗin wasu ayyukan. Magana ɗaya ce kawai ta tsaya mini a rai: ka ce gobe za ka sa yara su farfashe shi duka, ka zuba sabon yayi mai fitilu. Ka ajiye gudumar nan tukuna, ka ba ni aron hankalinka.

Maigidana da ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa, rawanin ɗaki yake kiran konis. Yakan ce ɗaki ba ya cika mutum sai an naɗa masa shi. Amma bayan ado yana da aiki. Inda bango ya haɗu da silin, bulo da katako ba sa motsi tare. Zafi ya buɗe wannan, sanyi ya tsuke wancan, dole tsaga ta fito a wurin. Konis shi ke rufa wa wannan mahaɗa asiri. Saboda haka idan ya fara ciwo, sau da yawa ba shi ne marar lafiyar ba, ƙara yake kawo maka ta wani abu da ke bayansa.

To, aikinka na farko ba a falo yake ba, a cikin silin yake. Ɗauki tocila ka hau. Ka san fiyofin da ake zuba konis da shi daga dutsen jifsin ake yin sa, irin wanda ake haƙowa a ƙasar Sakkwato da Yobe. Ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 150, kashi uku cikin huɗu na ruwan jikinsa ya fita, a niƙa ya zama gari. Da ka ba shi ruwa sai ya koma dutse. Sunan Paris ma da yake ɗauke da shi a Turance ya samo asali ne daga ramukan jifsin na tudun Montmartre da ke birnin. Abin da ruwa ya haifa kuwa, ruwa na iya kashe shi: yoyo kaɗan-kaɗan na narkar da shi, ya ruɓar da zaren da ke ciki, ya sa ƙusa ta yi tsatsa ta kumbura ta fasa shi. Ka duba kwanon rufi, ka duba bakin indararo, ka bi bututun tankin ruwa idan ya ratsa ta nan. Ka soka wuƙa a katako ka ji ko gara ta cinye cikinsa ta bar maka ɓawo. Duk inda ka ga tabo ruwan ƙasa a jikin konis, ka bi shi sama har ka ga mafarinsa.

Ba a littafi na koyi wannan ba. Ina saurayi kamarka aka ba ni wani falo a Kaduna cikin hunturu. Na gyara konis ya yi fes, aka biya ni, aka yaba. Ban hau sama ba, don sauri nake in kama wani aikin. Ruwan farko na damina ya sauko, mako bai cika ba aka aiko kirana. Na tarar da aikina a ƙasa, kan kujerun mutane, uwar gidan tana share garin da tsintsiya, ba ta ce mini komai ba. Shirun nan nata har yau yana cikin kunnena. Ƙusa biyu ce kawai ta kwance a kwano. Aikin rabin awa na ƙi yi, na sake na mako biyu da kuɗin aljihuna.

Kana can sama, ka dubi abin da ke riƙe da konis ɗin. A wurinmu zaren filas ne ake tsomawa cikin fiyofi a naɗe a jikin katako. Dabarar ƙarfafa fiyofi da zare ko tsumman buhu tsohuwa ce; wani Bafaranshe mai suna Desachy ne ya yi mata rajista a Landan a 1856. Tana da kyau, amma zare yana da ajali. A watan Disamba na 2013 wani ɓangare na silin gidan wasan Apollo da ke Landan ya rufto wa 'yan kallo, fiye da mutum 70 suka ji rauni. Da aka bincika, sai aka ga ɗaurin tsumman buhu da ke riƙe da shi tun 1901 ne ya ruɓe. Daga ƙasa ado yana nan ras, daga sama babu abin da ya rage. Don haka ka ja kowane ɗauri da hannunka. Wanda ya marmashe, ka sake shi, ka ƙara da waya marar tsatsa.

Idan ka sauko, ka bi konis ɗin taki-taki kana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda ya rabu da bango yana ƙara kamar ganga, wanda ruwa ya kashe kuwa farce ma yana shiga jikinsa. Ka yi wa kowanne alama da alli. Mai lafiya ka bar shi. Mai ƙarar ganga ka tokare shi da katako mai tsumma a kai, ka ɗaure shi da sukuru marar tsatsa, ka binne kan sukurun ka shafe. Mataccen ne kaɗai za ka cire, shi ma da zarto, ka yanka har ka shiga mai lafiya kaɗan. Guduma ba ta san iyaka ba. Ka bugi taki ɗaya, girgizar ta kwance maka biyar. Sau da yawa za ka ga abin da ya mutu bai kai rubu'in ɗakin ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kafin ɓaraguzan nan su tafi bola, ka zaɓi guntu mafi kyau ka adana shi kamar kuɗi. Irin wannan zanen ba za ka same shi a kasuwa ba, wanda ya yi shi wataƙila ya daɗe a ƙasa. Guntun nan shi ne malaminka. Ka kankare fentin da ya taru a kansa a hankali, domin shafe bakwai ko takwas yana cike ƙananan layuka har ado ya zama dunƙule. Idan ka auna a kan fenti, sabon zai fito ya fi tsohon kauri, ko ya rasa kaifinsa.

Idan layuka ne miƙaƙƙu, ka yanka guntun a tsaye, ka ɗora bakinsa a kwali ka zana. Ka mayar da zanen kan fallen kwano, ka yanke, ka goge da magagari har ya zauna a jikin tsohon ba tare da haske ya ratsa tsakani ba. Ka kafa fallen a katako, ka ja shi a kan ɗanyen fiyofi a tebur, ka ƙara ka sake ja, har siffar ta fito sumul. Haka magina a Ingila suke jan nasu a jikin bango, a gidajen da aka yi da farar ƙasa da gashin dabba. Idan kuma akwai fure ko ganye, sai ka ɗauki mol da roba daga wurin da ya fi lafiya, ka shafa ruwan sabulu don kada ya kama, ka zuba.

Kwaɓi kuwa ka san shi, amma tuni ba ya ɓata komai. Ruwa ake fara zubawa, sannan a barbaɗa gari har ya tsaya a saman ruwan, a bari ya sha kafin a motsa. Bokitinka ya zama wankakke, domin ragowar busasshen kwaɓi yana sa sabo ya kama da wuri. Ka kwaɓa abin da za ka iya gamawa cikin minti goma sha biyar. Da ya fara ɗumi yana tauri, kada ka bari yaro ya ƙara masa ruwa don tsoron asara. Wannan ya mutu, ko ya manne ba ƙarfi gare shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin ka haɗa sabo da tsoho, ka jiƙa bakin tsohon da soso, in ba haka ba zai tsotse ruwan sabon, mahaɗar ta tsage.

Tsohon ɗaki yana da halinsa. Kusurwarsa ba lallai ta zama daidai ba, silin ɗinsa ya ɗan sauka a tsakiya. Idan ka bi lebul kaɗai, sabon guntunka zai tsaya ƙyam yana tona asirin maƙwabtansa. Ka ja igiya daga tsoho zuwa tsoho, ka bi layinsu, ka koma bakin ƙofa ka duba da ido. Kusurwa kuma da hannu ake gama ta, da ƙaramin ƙarfe, a natse. A nan ake gane gwani. Bayan haka ka bar shi ya bushe sarai kafin fenti. A hunturu 'yan kwanaki sun isa, a damina sai ka ƙara haƙuri, ko da masu biki suna tsaye a kanka.

Ka kula da ƙirjinka da na yaranka. Gidaje da yawa na shekarun 1970 da 1980 silin asbesto ne da su. Ƙurarsa tana zama a huhu, cutarta ba ta bayyana sai bayan shekara ashirin ko fiye. Idan ka gan shi, kada ka sa masa inji ko ka fasa shi a bushe. Tsohon fenti ma yana iya ƙunsar dalma. Ku sa takunkumi, ku yayyafa ruwa, a fitar da ƙananan yaran gidan.

Sai maganar magada. Na san farfashewa da zuba sabo ya fi kawo kuɗi, ya kuma fi kyau a hoton waya. Amma ka faɗa musu abin da ka gani a sama da ƙasa, ka ba su farashin gyara da na sabo, su zaɓa da idonsu buɗe. Idan gara ta gama da katakon, ko fiye da rabi ya mutu, ka ce a sake duka ba tare da jin nauyi ba. Idan mahaifiyarsu tana raye, ka nemi a tambaye ta. Wataƙila ƙarƙashin wannan rawanin aka kawo ta amarya. Kakanninmu magina haka suka riƙe gini. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa ba su kai yau don ba sa tsagewa ba, sai don ana samun mai bin tsagar da yaɓe yana mayar da zanen yadda ya same shi.

Ka shirya wa abu ɗaya: idan aikinka ya yi kyau, 'yan biki za su cika falon nan, babu wanda zai ɗaga kai ya nuna inda hannunka ya taɓa. Kada wannan ya dame ka, shi ne shaidarka. Idan ka gama, ka ɗauki fallen kwanon da ka yanka, ka rubuta shekara a jikinsa, ka rataye shi a ƙusa cikin silin kusa da ƙofar hawa. Wata rana wani yaro zai hau da tocila, ya same shi, ya yi maka addu'a bai san sunanka ba.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a kan tsani. Ka gaishe da yaran aikinka.