Hoto Ba Ya Zama Hujja Sai da Shaida: Yadda Ake Adana Hotunan Allunan Durumi a Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya ɗauki darasin walwalar harshe ya san cewa ba a bakin mutane kaɗai ake tsintar harshe ba, har da jikin bango da allon shago da bayan mota. A shekarar 1997 ne wasu masana biyu na ƙasar Kanada, Landry da Bourhis, suka fitar da maƙalar da ta fito da wannan fage fili, wato nazarin rubuce-rubucen da ake kafewa a bainar jama'a domin a gane wane harshe ne ke da ƙarfi a wuri, wane ne kuma ake dannewa. Kayan aikin mai irin wannan bincike shi ne hoto. To, amma hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, ba a kuma san ranar ba, ba ya tsaya wa ɗalibi a gaban malamin da ke duba kundinsa. Wannan maƙala za ta nuna yadda nake shirya nawa hotunan a kwamfuta, zan kuma kafa misalaina da unguwar Durumi ta Abuja, inda nake tattara rubutun alluna.

Me ya sa Durumi?

Durumi tana kudu da tsakiyar birnin Abuja, maƙwabciyar Garki da Gudu, a ƙarƙashin ƙaramar hukumar birnin. Gbagyi na zaune a wannan yanki tun kafin dokar 1976 ta Janar Murtala Muhammad da ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, kuma tun kafin gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Ga Hausawa 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ga mutanen kudu, sannan daga 2014 ga 'yan gudun hijira daga jihar Borno, da yawansu mutanen Gwoza, waɗanda suka kafa sansani a unguwar. Hausa ce kan haɗa da yawa daga cikinsu, amma kowa da irin tasa. A allo guda za ka iya ganin Ingilishi a sama, Hausa a ƙasa, ga kuma Larabci a gefe.

Wani dalilin shi ne allo a Abuja ba ya tsufa. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, ya shafe matsugunai masu yawa, kuma ba a daina rusau daga nan ba. Rumfar da ka ɗauka bana, baɗi kana iya tarar da fili ko bene. Ke nan wata rana hotonka ne kaɗai zai rage a matsayin shaidar cewa an taɓa rubuta kaza a wuri kaza.

Abin da ke ɓoye cikin hoto

Kowane hoton waya ko kyamara yana ɗauke da wasu bayanai da ido ba ya gani, kamar dai takardar da tela kan maƙala a jikin yadi. Akwai gurabe uku da ake zuba su. Na farko shi ne Exif, wanda masana'antun Japan suka fito da shi a 1995. Nan kyamara ke rubuta rana da lokaci da sunan na'ura, da kuma wurin da aka tsaya idan an kunna GPS. Na biyu shi ne IPTC, wanda kamfanonin dillancin labarai suka tsara domin taken hoto da sunan mai ɗauka. Na uku shi ne XMP, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 2001.

Ga ɗalibin Hausa bambancin nan ba ƙarami ba ne. Gurbin bayani na Exif an gina shi ne bisa haruffan Ingilishi zalla, tsohon IPTC kuma manhajoji da yawa kan karanta shi da tsarin haruffan Turai ta yamma, inda babu ɓ da ɗ da ƙ. Sai ka rubuta "ƙofa" a wannan kwamfuta, ka buɗe a waccan ka ga alamar tambaya ta zauna a gurbin harafin farko. XMP kuwa yana aiki da Unicode, wanda ya tanadi dukkan haruffanmu masu lanƙwasa, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke rubuta 'y. Saboda haka duk abin da za ka rubuta da Hausa, ka tabbata XMP ya shiga.

Manhaja

A shekarun 2000 Picasa ce ta yi tashe, bayan Google ya saye ta a 2004, amma kamfanin ya yi watsi da ita a 2016. Lightroom ta Adobe tana da kyau, sai dai ta kuɗi ce, aljihun ɗalibi kuwa kowa ya san halin da yake ciki. Ni digiKam nake amfani da ita: kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma da zarar ka sauke ta ba ka bukatar intanet sai lokacin duba taswira.

Ranar da ka fara buɗe ta za ta yi maka 'yan tambayoyi, ciki har da ko ta riƙa rubuta bayananka a cikin hotunan kansu ko ta bar su a rumbunta kawai. Zaɓi a rubuta cikin hotuna. In ba haka ba, ranar da kwamfutar ta mutu, ko ka kai hotunan shagon buga takardu a filashi, za su tafi tsirara, aikin watanni ya zauna a baya.

Kwashewa da raɗa suna

Kwashe hotuna daga waya da kebul ko ta katin memori. Kada ka tura wa kanka ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yakan rage nauyinsa ya kuma kankare bayanan rana da wuri. Buɗe jaka ɗaya ga kowace fita, ka sa mata suna da shekara a gaba, sai wata, sai rana, alal misali 2024-03-09-durumi2. Da haka jakunkunan za su jeru da kansu bisa tsarin lokaci. A sunan fayil da na jaka ban cika sa harafi mai lanƙwasa ba, don wasu tsofaffin na'urori kan rikice da shi. Wannan ne kaɗai wurin da na yarda a yi wa ƙa'idojin rubutu sassauci.

Kalmomin shaida

Nan ne gundarin aikin yake. Jaka tana karɓar hoto a wuri ɗaya ne kawai, amma allo guda yana iya zama na Hausa, na mai shayi, na fenti, kuma mai ɗauke da karin harshen Sakkwato duk a lokaci ɗaya. Kalmar shaida ita ce 'yar kalmar da kake liƙa wa hoto domin ka kira shi da ita daga baya, kuma hoto ɗaya na iya ɗaukar goma.

Kafin ka liƙa ko ɗaya, zauna da biro da takarda ka tsara su kamar bishiya, domin digiKam tana yarda shaida ta haifi 'ya'ya. Nawa tsarin yana da rassa kamar haka: reshen harshe, mai ɗauke da Hausa da Ingilishi da Larabci da Gbagyi da Turancin buroka, reshen rubutu, boko ko ajami, reshen wuri, wato shago ko masallaci ko coci ko makaranta ko abin hawa, sai reshen wanda ya kafa allon, hukuma ce ko mai zaman kansa. Wannan na ƙarshe yana da amfani ƙwarai, don da shi za ka gwada harshen da gwamnati ke yi wa jama'a magana da shi da wanda su jama'ar ke yi wa junansu.

Reshen da na fi ba muhimmanci shi ne na siffofin harshe. A ƙarƙashinsa nakan sa: rashin lanƙwasa, haɗe kalmomi, raba kalma, aro, gamin gambiza, jinsi, karin harshe. Idan na ga allo an rubuta "akwai kankara asayarwa", zai sami shaida biyu, rashin lanƙwasa da haɗe kalmomi. Idan na ga an rubuta "mota ya lalace", sai ya shiga jinsi, wanda abu ne da aka sani a Hausar waɗanda ba harshen uwarsu ba ce, da kuma wasu kare-karen harshe na gabas da kudu. Ranar rubuta babi na huɗu, maimakon in bi hoto 300 ɗaya bayan ɗaya, sai in danna Hausa da shago da jinsi, waɗanda suka cika sharuɗɗan uku su fito su kaɗai.

Sai dai a kula, kwamfuta ba ta san hasashe ba. A wurinta "Ingilishi" da "Turanci" shaidu biyu ne daban, haka "ƙasa" da "kasa". Zaɓi kalma ɗaya ka tsaya a kanta. Haka nan kada ka rubuta "Durumi" kawai ka yi shiru. Durumi sunan bishiya ne, kuma wurare da dama sun ci sunanta. A cikin birnin Kano kaɗai ga Durumin Iya ga Durumin Zungura. Sa Abuja a matsayin uwa, Durumi ɗiyarta, sannan Durumi ta ɗaya da ta biyu da ta uku su zama jikoki.

Bayan shaida akwai gurbin take, inda ake rubuta jimla. A nan nakan kwafe abin da ke jikin allon harafi da harafi yadda mai fenti ya rubuta, sannan a layi na biyu in kawo shi da daidaitacciyar Hausa. Kada hannunka ya yi ƙaiƙayin gyara layin farko. Abin da malamin firamare zai ja wa jan biro, shi ne ainihin abin da kai ka fito nema.

Shaidar wuri

Wuri a doron ƙasa ana faɗinsa da lamba biyu: latitud, wato nisansa arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu, da longitud, wato nisansa gabas ko yamma da layin Girinwic na Ingila. Durumi tana wajen digiri 9.02 arewa da 7.47 gabas. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, don haka lamba ta uku bayan ɗigo tana nuna kusan mita 111, ta huɗu kuma mita 11. Mai nazarin allo lamba huɗu ko biyar sun ishe shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka kunna GPS na waya, ka ba manhajar kyamara izinin amfani da shi. Ba ya cin data, da taurarin ɗan'adam yake magana, kuma yana bukatar aƙalla huɗu kafin ya san inda kake. Saboda haka ka ɗan dakata a fili kafin hoton farko, ka kuma sani cewa a ƙarƙashin rufin kwano ko cikin lungu yakan kauce.

Idan kyamararka ba ta da GPS, sa waya a aljihu ta riƙa rubuta sawunka a fayil ɗin da ake kira GPX. Da ka dawo, digiKam za ta gwada lokacin kowane hoto da lokacin sawun, ta ɗora shi inda kake tsaye a wannan daƙiƙa. Abin lura a nan shi ne agogo. Sawun GPX da agogon duniya yake tafiya, Nijeriya kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya. In ba ka gaya wa manhajar haka ba, kowane hoto zai sauka inda ƙafarka ta kai bayan awa guda, allon masallaci ya koma bakin kasuwa. Dabarar da nake yi ita ce in fara ɗaukar hoton agogon wayar da kyamarar, don in san tazarar da ke tsakaninsu.

In duka biyun babu, sai ka buɗe taswirar cikin manhajar ka ja hoton ka ajiye a inda ka tuna, ka kuma liƙa masa shaidar "ƙiyasi" don kada ya gauraya da waɗanda na'ura ta auna. Mai rubuta lambobin da hannu kuma ya yi hattara da jerinsu. In ka sa longitud a gurbin latitud, allon Durumi zai faɗa jihar Binuwai, kusa da Gboko. In kuma ka sa yamma a maimakon gabas, sai ka tsince shi a arewa maso yammacin Kwaddebuwa.

Inda ya kamata a cire shaidar

Lambar da ke taimakon mai bincike ita ce kuma ke tona asirin wanda ke cikin hoto. A Disambar 2012 'yan jaridar mujallar Vice suka wallafa hoton John McAfee, attajirin nan na manhajar kashe ƙwayar cutar kwamfuta, lokacin da 'yan sandan Beliz ke nemansa. Ba su cire bayanan Exif ba, nan take masu karatu suka gano yana Gwatamala, kwanaki kaɗan kuma aka kama shi a can.

Shi wannan mai kuɗi ne. Mutanen sansanin Durumi kuwa sun baro gidajensu ne saboda tsira da rai, musamman bayan Boko Haram ta kama Gwoza a Agustan 2014, kuma ba kowa ne ke son a san ƙofar da yake kwana ba. Idan bincikenka ya kai ka can, fara da shugabannin sansanin ka nemi izini, ka ɗauki allon makaranta ko na rumfa ba tare da fuskar mutane ba, musamman mata da yara. Manhajar tana da sashen gane fuska da liƙa mata suna. A wannan aiki bar shi a kashe.

Ni kwafi biyu nake ajiyewa. Na asali, mai cikakkiyar shaida, yana zaune a kwamfutata da kuma wani faifan ajiya da ba ya kwana a jaka ɗaya da ita. Wanda zai shiga kundi ko ya tafi hannun wani kuwa, sai na bi da shi ta sashen aikin gayya na digiKam, wanda ke goge bayanan GPS daga hotuna masu yawa a lokaci guda. A jadawalin ƙarshen kundi, allunan bakin titi nakan ba su lamba huɗu bayan ɗigo, na cikin sansani kuma lamba biyu kawai, wadda ke nuna yanki mai faɗin kusan kilomita ɗaya.