Ƙwaya Ce Ke Kai 'Ya'yanmu Gaban Alƙali

Ya ku iyaye da masu unguwanni na Yola da Jimeta, wannan takarda taku ce. Duk wanda ya zauna a babbar kotun jiha ya saurari shari'un kisa da fashi zai ga cewa sau da yawa wanda aka gurfanar yaro ne ɗanye shakaf, kuma in an bi diddigi sai a tarar ya daɗe da ƙwaya kafin ya ɗauki wuƙa.

Tiramol, kodin, tabar wiwi da sholisho su ne abincin 'yan Shila, yaran nan da ke bin mutane cikin Keke Napep daga Jambutu zuwa Doubeli suna ƙwacen waya, wanda ya yi gardama su sare shi. Hukuma dai ba barci take ba. Tun 1989 aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, a Janairun 2021 kuma aka ɗora ɗan jihar nan, Janar Buba Marwa, a kanta. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma haɗa shi. To amma jami'in NDLEA ba a gidanka yake kwana ba, malam. Kai ne kake jin lokacin da yaron ya turo ƙofa.

Shaye-shaye kamar ambaliyar Binuwai yake. Mu da muka ga ta 2012 da ta 2022, sa'ad da Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, mun san ruwa ba ya yin sallama. Yau ya lashi bakin gona, gobe ya taɓa gindin katanga, ana ta shela a rediyo cewa a tashi, maigida na cewa ai kakansa ma a nan ya zauna. Ranar da ginin ƙasa ya jiƙe ya rufta, ba a maganar hatsi, ta rai ake yi. Haka yaro yake: ido ya yi ja, kwanan waje ya fara, kuɗin cefane na ɓacewa, uwa na cewa ƙuruciya ce. An kama shi, uba ya sayar da akuya ya yi beli, ya dawo yana zagin maƙwabcin da ya tona. Haba jama'a! Allah Ya haramta duk abin da ke gusar da hankali, masallaci da coci sun faɗa, 'ya'ya kuwa amana ne da za a tambaye ku a kansu. Ku sani, dokar Final Kod ba ta karɓar uzurin maye daga wanda ya sha da saninsa, hukuncin kisan ganganci kuwa kisa ne.

Bayan ƙwaya, akwai wani abin kuma da ke kai mutane gaban alƙali. Dukan mace laifi ne, ba tarbiyya ba. Akwai dokar hana cin zarafi ta 2015, Adamawa ma ta rungume ta. Rikicin ma'aurata da aka yi ta rufewa da "a yi haƙuri" yakan ƙare da gawa, kuma ba a manta hukuncin kisan da kotun Abuja ta yanke wa Maryam Sanda a Janairun 2020 kan mutuwar mijinta ba. Wadda ake duka ta sanar da waliyyinta ko mai unguwa, in abin ya ƙi ta je ofishin 'yan sanda. Maƙwabcin da ya ji kururuwa cikin dare ya fito ya buga ƙofa.