Bin Sawun Saƙo Cikin Na'ura: Darasi Ga Hakimai Da Malamansu

Akwai wata irin ƙara da a ke kawo wa hakimai yanzu wadda iyayenmu ba su san ta ba. Mutum ya sayar da buhun wake a Wonaka, mai saye ya ce ya tura kuɗi ta waya, har ya nuna shaidar bankinsa ya cire, mai wake kuwa ya rantse ko kwabo bai shigo masa ba. Wannan rigima ta yawaita ƙwarai a farkon 2023, sa'ad da takardun Naira suka yi wuya, jama'a suka koma ciniki ta waya. Sau da yawa dukansu biyu gaskiya su ke faɗi. Saboda haka ya kamata hakimi da malaminsa su san hanyar da saƙon ke bi, da yadda masu gyara su ke gano inda ya maƙale.

Tsofaffin malamai sun tuna zamanin En'e, kafin a rushe ta cikin 1976. Takarda ta tashi daga Gusau za ta Sakkwato, ta bi ta Bunguɗu da Talatar Mafara, kowane ofishi ta shiga sai akawu ya rubuta lambarta da ranar zuwanta da ranar fitarta cikin littafi. In ta ɓata, ba a tsayawa gardama, littattafai a ke buɗewa. To, saƙon kuɗi ma haka ya ke tafiya. Daga wayar mai saye ya hau turken waya, ya isa kwamfutar bankinsa, ita kuma ta miƙa shi ga NIBSS, watau ma'aikatar da ke haɗa bankunan Nijeriya, wadda ta fara aikin tura kuɗi nan take cikin 2011. Daga can ya shiga bankin mai wake, sa'an nan amsa ta komo ta wannan hanya. Cikin kowane banki kuma akwai ƙananan ofisoshi na kwamfuta: mai duba lambar sirri, mai duba ko akwai kuɗin, mai rubutawa cikin asusu, mai aika sanarwa.

Abin da ya sa aikin ya yi wuya shi ne yawa da sauri. Saƙonni dubbai su ke wucewa tare, kowane mataki kuwa ba ya cika daƙiƙa guda, har da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa a ke auna shi. Ba mahalukin da zai iya karanta waɗannan littattafai layi layi. Don haka masana suka ƙago dabara. Tun daga ƙofar farko a kan ba saƙo lamba ɗaya, ya riƙe ta har ƙarshen tafiya, kowace kwamfuta ya ratsa sai ta rubuta lokacin da ta karɓa, da lokacin da ta gama, da wadda ta aiko mata. Kamfanin Google ya bayyana nasa tsarin, mai suna Dapper, cikin 2010. Twitter ya fitar da Zipkin cikin 2012, Uber ya fitar da Jaeger cikin 2017, kana cikin 2019 aka haɗa ƙa'idodi biyu na wannan aiki suka zama OpenTelemetry.

Yadda A Ke Karanta Zanen

Waɗannan rubuce-rubuce a kan tara su a mai da su zane. A ɗauka an shimfiɗa karan dawa a ƙasa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Kowane kara aikin ofishi guda ne, tsawonsa shi ne lokacin da ya ci. Na bisa duka shi ne tafiyar gaba ɗaya, na ƙarƙashinsa su ne waɗanda ya aika, sun ɗan shiga ciki kamar matakala. Wanda ya gamu da kuskure a kan sa masa alama, galibi ja.

A nan ne mai gaggawa kan yi zalunci. Karan bisa kullum shi ya fi tsawo, amma tsawonsa ba laifinsa ba ne, jira ya ke yi. A ce tafiya ta ci daƙiƙa 30. Duba lambar sirri ya ci rabin daƙiƙa, cire kuɗi ya ci guda, sauran duka an yi su ne ana sauraron amsar bankin mai karɓa, har bankin mai aikawa ya gaji ya yanke. Mai gyara sai ya bi karan yana gangarawa har ya kai wanda ya yi tsawo alhali bai aiki kowa ba. Nan ciwon ya ke. Wanda ya taɓa bin sawun shanun sata ya san ba a kama mai garken da sawu ya ratsa, sai inda sawu ya tsaya.

Zanen yana tona waɗansu abubuwa kuma. In an ga fili tsakanin kara biyu, saƙo ya zauna cikin layi ba wanda ya taɓa shi. In an ga gajerun kara hamsin iri ɗaya a jere, an yi aikin masinjan da ya je Tsafe sau hamsin da takarda ɗai ɗai, maimakon ya ɗauke su cikin jaka guda. Amma fa zanen yana da iyaka. Ofishin da bai rubuta kome ba, ba ya fitowa ciki. Ba kowane saƙo a ke ajiye sawunsa ba, gama Dapper da fari ɗaya cikin 1,024 ya ke ɗauka. Saƙon da bai bar waya ba kuwa ba shi da sawu sam, kamar yadda aka gani cikin Satumba 2021 da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda tsaro.

Abin Da A Ke Bukata Daga Malamin Hakimi

Ba a neman malami ya zana kome, wannan aikin masu gyara ne. Nasa shi ne ya tsare lambar, domin da ita a ke neman saƙo cikin littattafan bankuna. A shaidar tura kuɗi daga banki zuwa banki akwai doguwar lamba mai alƙaluma 30, a rasit na POS kuwa akwai wadda a ke rubuta RRN a gefenta, mai 12. In an kawo ƙara, lalle ne malami ya kwafe ta daidai, ya karanta wa mai ƙara ya tabbatar, ya haɗa da rana, da sa'a har minti, da adadin kuɗi, da sunayen bankunan biyu. Kada ya tambayi lambar sirri ta kowa, kada kuma ya rubuta ta ko da an faɗa masa. Takardar zafi ta POS rubutunta kan goge in ta sha rana, saboda haka a kwafe ta ran da aka kawo.

Hakimi kuma ya dakatar da hukunci tsakanin mai saye da mai sayarwa, ko tsakanin mutum da mai POS, har mai kuɗin ya kai wannan lamba bankinsa a Gusau ya komo da amsa a rubuce.