Ina Tarihin Manchok Yake A Ajiye?

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in yi muku tambaya guda. In an tura ɗayanku koyarwa a Manchok, yaro ya ce, "Malam, yaya garinmu yake a zamanin kakanninmu?" ina za ku nemo masa amsa?

A ganina rumbu biyu ne. Na fari shi ne Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1954 bisa ƙoƙarin Dokta Kenneth Dike, tana kuwa da reshe a Kaduna. Can aka tara takardun Razdan da na Di'o, watau rahoton rangadi, da lissafin haraji, da shari'un iyaka. Amma mai nema sai ya yi hattara, gama ƙasar Marwa ta zauna a Lardin Nasarawa, a 1926 ta koma na Filato, daga bisani aka haɗa ta da na Zariya. Wanda ya duba takardun Zariya kaɗai, ya bar rabin labari a baya.

Sai dai kuma waɗannan takardu baƙi ne suka rubuta su, yawanci ta bakin tafinta. Suna cewa "Moroa", alhali mutanen suna kiran kansu Asholio. Sun ƙidaya masu biyan haraji, amma ba su damu da waƙar da mata ke yi wajen niƙa ba.

Rumbu na biyu shi ne tsofaffi. Su ne suka san asalin kowace unguwa, da gonar da aka yi rigima a kanta, da abin da iyayensu suka faɗi ran da jirgin ƙasa ya fara ratsa garin zuwa Jos. Takarda gara ke cinta, amma ana iya tsare ta. Tsoho kuwa, in ya kwanta dama, shi ke nan.

Saboda haka ga shawarata. Kowannenmu ya sayi littafin rubutu guda, lokacin hutu ya zauna da dattijo ɗaya. A rubuta sunansa, da unguwarsa, da ranar da aka yi hirar, a kuma rubuta maganarsa cikin harshensa kafin a juya ta. In an dawo sai a ajiye a laburaren kwaleji, a gwada da abin da ke Kaduna. Da tsohuwar zuma ake magani.